Amfilifayar Lasifikar Kunne: Wacce Ya Kamata Sabon Shiga Ya Fara Haɗawa A Abuja?

Tun bayan annobar korona ta 2020, lokacin da tarurrukan ma'aikatu da hukumomi suka koma ta intanet, lasifikar kunne ta shiga sahun kayan aikin ofis a Abuja. Sakatare na sanya ta domin mayar da muryar taro zuwa rubutu. Hadimin babban jami'i na sanya ta domin bin taron da maigidansa bai samu halarta ba. Wanda ke tasowa daga Kubwa ko Nyanya ko Mararaba zuwa Sakatariyar Tarayya kuwa, da ita yake rage tsawon cunkoson safiya. A cikin waɗannan ma'aikata akwai waɗanda suka zuba kuɗi suka sayi lasifika mai tsada, suka jona ta a waya ko kwamfuta, sai suka tarar muryar ta fito a raunane. Maganin wannan matsala wata ƙaramar na'ura ce mai ƙara wa sauti ƙarfi, wadda masu gyaran rediyo ke kira amfilifaya.

Ana sayar da ita a haɗe. Sai dai shekaru da dama ke nan masu sha'awar kayan lantarki a faɗin duniya suka mayar da haɗa ta da hannu darasin farko na koyon wannan fanni, domin kayanta kaɗan ne, kuma kunne ne ke yanke hukunci nan take kan ko aikin ya yi. Abin da ke kayar da sabon shiga shi ne zaɓen tsarin da zai fara da shi. Wanda ya zaɓi tsarin da ya fi ƙarfinsa na iya asarar kuɗinsa, ko ya ƙona lasifikar da ya daɗe yana tara kuɗinta, ko ma ya taɓa wutar da za ta iya halaka shi.

A fara da duba lasifikar

Kafin a sayi ko da rasista ɗaya, akwai lambar da ya kamata a nema a jikin kwalin lasifikar, wato yawan turjiyarta ga wuta, wadda ake aunawa da om. Ƙananan iyafis na waya kan kasance tsakanin om 16 da 32. Sony MDR-7506, wadda ta yi suna a ɗakunan watsa shirye-shirye, om 63 ce. Beyerdynamic DT 770 Pro na zuwa a om 32 da 80 da 250, ita kuwa Sennheiser HD 600 om 300 ce.

Lissafin mai sauƙi ne. A ninka ƙarfin bolt da kansa, a raba da om, sai a samu ƙarfin da ke isa kunne. Na'urar da ke fitar da bolt 1 za ta bai wa lasifika mai om 32 kimanin miliwat 31, amma mai om 300 za ta samu kimanin miliwat 3.3 kacal. Wannan ne dalilin da ya sa lasifikar da ta fi tsada takan fi ta araha ƙarancin murya a waya ɗaya.

Saboda haka wanda iyafis mai om 32 kawai gare shi, wayarsa ta ishe shi, kuma idan ya haɗa amfilifaya to don neman ilimi ne. Wannan ma dalili ne mai kyau, matuƙar ya san haka tun farko, kada ya gama aiki ya ji babu wani bambanci ya ɗauka ya yi kuskure. Wanda ke da lasifika mai om 80 zuwa sama shi ne zai ji sauyin a fili.

Akwai wani abin lura. Tun da kamfanin Apple ya cire kafar iyafis daga iPhone 7 a 2016, wasu kamfanoni da yawa sun bi sahu. Amfilifayar hannu tana karɓar sauti ne ta wannan kafa mai faɗin milimita 3.5, don haka mai irin wannan waya sai ya tanadi 'yar igiyar da ke mayar da kafar caji zuwa kafar iyafis.

Tsari huɗu da aka fi ambata

Na farko shi ne mai amfani da ayisi LM386, wanda kamfanin National Semiconductor ya ƙera, kuma da wuya a rasa shi a teburin mai gyaran rediyo. Yana aiki da wuta daga bolt 4 zuwa 12, kuma a rana ɗaya ana gama shi. Matsalarsa ita ce an yi shi ne domin ƙananan lasifikun rediyo. Mafi ƙarancin ninkin da yake yi wa sauti shi ne 20, kuma yana da wani shuu da ke ɓacewa a rediyon da ke kan tebur amma ya fito sarai idan lasifika na manne da kunne. Ya dace da atisayen yamma guda, bai dace da na'urar da za a riƙa saurare da ita kullum ba.

Na biyu shi ne CMoy, wanda ya samo sunansa daga Chu Moy, mutumin da ya fitar da tsarinsa a ƙarshen shekarun 1990. Ayisi ɗaya ne mai ƙafa takwas, da rasistoci da kafasitoci waɗanda duka-duka ba su wuce guda ashirin ba, da batir mai bolt 9. A Amurka an saba sanya shi cikin gwangwanin alewar Altoids, har hakan ya zama tambarinsa.

Na uku shi ne Objective2, ko O2 a taƙaice, wanda wani injiniya da ya ɓoye sunansa, aka san shi da laƙabin NwAvGuy, ya fitar a 2011. Ya fi CMoy ƙarfi da tsaftar sauti. Yana amfani da ayisi NJM2068 a matakin ninka sauti, da NJM4556 a matakin fitarwa, da batura biyu masu caji. Amma kayansa sun ninka na CMoy sau da dama, yana buƙatar allon da aka buga musamman dominsa, kuma adaftarsa ta daban ce: dole ta kasance mai fitar da wutar AC. Adaftar da ta cika kasuwa mai fitar da DC ce, kuma ba za ta yi aikin ba.

Na huɗu su ne masu amfani da bawul, wato kwalaben nan masu haske na tsofaffin rediyoyi. Fitacce a cikinsu shi ne Crack na kamfanin Bottlehead. Kyawunsu na jan ido, kuma masu lasifika mai om 300 na yabonsu. Sai dai ana jona su ne kai tsaye da wutar gida, wadda a Najeriya bolt 230 ce, kuma a cikinsu akwai sama da bolt 100 da manyan kafasitoci ke iya riƙewa bayan an kashe na'urar. Wanda bai taɓa riƙe mita ba, bai kamata hannunsa ya je wurin ba.

Dalilin fifita CMoy

Da rarrafe yaro kan tashi. Idan aka auna haɗari da kuɗi da sauƙin gano kuskure, CMoy ne ya fi dacewa da aikin farko. Batir mai bolt 9 ba ya kisa. Mafi munin abin da zai faru a kan teburin aiki shi ne ayisi ya ƙone, a cire shi a sa wani. Kuma da yake kayan kaɗan ne, mai koyo zai iya sanin aikin kowane ɗaya, abin da ba zai samu ba idan ya cika allo da kaya masu yawa yana bin lamba kawai.

Ga yadda yake aiki. Sauti na shigowa ta maɓallin ƙara murya, ya ratsa ƙaramar kafasita mai mikrofarad 0.1 wadda ke tare duk wata tsayayyiyar wuta, sannan ya shiga ayisi. Rasistoci biyu ne ke ƙayyade yawan ninkin: a raba babbar da ƙaramar, a ƙara ɗaya. A tsarin asali babbar om 10,000 ce, ƙaramar om 1,000, ninkin ya zama 11. Haka ake maimaitawa a ɓangaren kunnen dama da na hagu. A ɓangaren wuta kuwa, rasistoci biyu masu om 4,700 da kafasitoci biyu masu mikrofarad 220 na raba bolt 9 gida biyu, domin ayisin na buƙatar wuta ta sama da ta ƙasa da kuma tsakiya.

Ninki 11 ya yi yawa ga wayoyi da kwamfutocin yau, domin da an ɗan murɗa maɓalli murya ta cika kunne. Idan aka musanya rasista mai om 1,000 da mai om 3,300, ninkin zai sauko zuwa kimanin 4, shuu ya ragu, maɓallin ya yi daɗin sarrafawa. Wannan canji na rasista biyu kacal shi ne darasin da ya fi kowane amfani a aikin gaba ɗaya.

Da batir ɗaya, CMoy na iya fitar da kusan bolt 2, wato kimanin miliwat 13 ga lasifika mai om 300, ninki huɗu na abin da bolt 1 ke bayarwa. Da batura biyu zai fi haka, sai dai dole a riƙa canza su tare, domin idan ɗaya ya mutu ya bar ɗaya, tsayayyiyar wuta na iya kwarara cikin lasifika. Iyakarsa ita ce ayisin da aka saba sanya masa, OPA2134, ba ya fitar da fiye da kimanin miliamfiya 35, saboda haka ya fi jin daɗin lasifika mai yawan om a kan manyan lasifiku masu ƙarancin om da ke zuƙar wuta. Ayisin na cin kimanin miliamfiya 8 a zaune, wanda a lissafi zai bai wa batirin alkalin mai kyau damar yin kusan awa 50.

Neman kaya a babban birni

Banex Plaza da ke kan titin Aminu Kano a Wuse II ita ce ta fara zuwa zuciyar mazaunin Abuja idan ana maganar kayan lantarki. A nan za a samu mita da dalma da ƙarfen narka ta. Amma galibin sana'ar wurin ta waya ce da kwamfuta, waɗanda kayan cikinsu ƙanana ne kamar ƙwayar gero, ana manna su a fuskar allo. Sabon shiga na buƙatar masu dogayen ƙafafu da ake zurawa a rami, kuma waɗannan sun fi samuwa wajen masu gyaran rediyo da talabijin da amfilifayar masallatai. Abin da aka rasa a Abuja, akan aika a nemo a Kasuwar Alaba ta Legas ko Kasuwar Sabon Gari ta Kano. Tsohuwar rediyo ko na'urar DVD da ta mutu ma rumbu ce ta soket da maɓallai da wayoyi, kuma cire su atisaye ne na riƙe ƙarfen dalma.

Ayisin ne ke da wuyar sha'ani. OPA2134 ƙirar kamfanin Burr-Brown ce, wanda Texas Instruments ya saya a 2000, kuma yana cikin kayan da aka fi yi wa jabu: akan goge rubutun wani ayisi mai araha a buga sunansa a kai. Araha ba ta ado. Wanda ya ga ana sayar da guda goma a farashin da bai kai na guda ɗaya a wajen dillalai irin su Mouser ko DigiKey ba, ya san abin da ake miƙa masa. Tun bayan da aka saki darajar Naira a watan Yunin 2023, odar kaya daga waje ta ƙara tsada, kuma kuɗin dako kan zarce kuɗin ayisin kansa. Hanya mafi sauƙi ita ce abokan aiki uku ko huɗu su haɗa oda ɗaya su raba kuɗin dakon.

Dabarar da ke kare wannan kuɗi ita ce a sanya soket mai ƙafa takwas a allon, a riƙa cusa ayisi a cikinta. Sai a fara gwaji da TL072, wanda ke da araha kuma ƙafafunsa sun yi daidai da na OPA2134, ko da yake ba shi da ƙarfin tura lasifika yadda ya kamata. Idan komai ya daidaita, a cire shi a sa mai tsadar. Shi kuwa NE5532, duk da ingancinsa da yawansa a kasuwa, a wannan tsari yakan haifar da tsayayyiyar wuta a mafita saboda yadda mashigarsa ke jan wuta, kuma batir ɗaya ya yi masa kaɗan.

Maimakon gwangwanin Altoids da ba a cika gani a nan ba, gwangwanin kayan lissafi da 'yan makaranta ke zuba kamfas da rula na iya yin aikin, idan an auna an ga batir ya shiga murfi ya rufu. Ƙarfen gwangwani na tare ƙarar da sigina na waya ke jefawa cikin sauti. Wajibi ne a shimfiɗa roba ko kwali a ƙasa, kada bayan allon ya taɓa ƙarfe.

Wuta da hunturu da dalma

Ƙarfen dalma mai wat 30 zuwa 40 ya wadatar. Kuɗin wutarsa ba abin damuwa ba ne: ko a farashin Naira 225 kan kowane yunit da hukumar NERC ta sanya wa rukunin Band A a watan Afrilun 2024, awa biyar da ƙarfe mai wat 40 bai wuce Naira 45 ba. Damuwar ita ce ɗaukewar wuta da raguwar ƙarfinta, domin ƙarfen da bai yi zafi sosai ba yana barin haɗi mai dusu-dusu wanda ke aiki yau ya katse gobe. Dalma mai haɗin 60/40 na narkewa a wajen digiri 190 na ma'aunin Salsiyos, amma bakin ƙarfen na buƙatar kaiwa wajen digiri 330 domin haɗin ya kammala cikin daƙiƙa biyu zuwa uku. Haɗi mai kyau na sheƙi, kuma yana rungumar ƙafar kayan ta kowane gefe. Akwai ƙananan ƙarafa irin su Pinecil da ke aiki da cajar USB-C mai ƙarfi, waɗanda ke raba mai koyo da jiran wutar AEDC.

Daga Disamba zuwa Fabrairu, busasshiyar iskar hunturu na sa jiki ya tara wutar nan da ke tartsatsi idan an taɓa ƙofar mota. Wannan tartsatsi na iya lalata ayisi ba tare da an ga alama ba. A taɓa wani babban ƙarfe kafin a ɗauki ayisi, a bar shi cikin ledarsa har sai an gama duk aikin dalma.

Ita kanta dalma guba ce. Ƙasar nan ta ga illarta a Zamfara a 2010, lokacin da ƙurar dalma daga sarrafa duwatsun zinare ta yi sanadin mutuwar yara kimanin 400. Abin da mai haɗa amfilifaya ke taɓawa kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta, amma ƙa'idar ɗaya ce: ba a aiki a teburin cin abinci, ba a cin goro ko gyaɗa ana aiki, a wanke hannu da sabulu bayan an gama, a share ɓurɓushi, a ajiye kayan inda yara ba za su kai ba. A buɗe taga saboda hayaƙin.

Kafin a sa a kunne

Gaggawa a wannan mataki ita ce ke cin lasifika. Da farko, kafin a cusa ayisi, a jona batir a auna ƙafa ta 8 da ta 4 ta soket: ya kamata a ga kimanin bolt 4.5 a sama da tsakiya da kuma 4.5 a ƙasa. A tabbatar kafasitoci masu alamar ɗebewa a gefe ba a juya su ba, domin juyayyiya na kumbura har ta fashe. A cire batir, a cusa ayisi ta fuskar da tsagarsa ta dace da ta soket, a mayar da batir, sannan a auna mafitar kowane kunne. Tsayayyiyar wutar da ke wurin kada ta wuce milibolt 20. Idan mita ta nuna bolt guda ko fiye, akwai kuskure, kuma wannan wuta na iya ƙona siririyar wayar da ke cikin lasifika. Ko bayan an tsallake wannan, da iyafis mafi araha ake gwajin farko.

Sai batun kunnen kansa, wanda ba shi da kayan gyara a kowace kasuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa sama da biliyan ɗaya na fuskantar haɗarin raunin ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi. Ma'aunin da ta fitar tare da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya a 2019 ya ƙayyade wa baligi desibel 80 na tsawon awa 40 a mako, daidai da makon aikin ma'aikacin gwamnati. Duk ƙarin desibel 3 na rage wannan lokaci da rabi: a desibel 83 awa 20 ne, a 92 kuwa awa biyu da rabi kacal. Wanda ke yini yana rubuta muryar taro ya riga ya cinye kaso mai yawa na wannan ma'auni kafin ya hau motar komawa gida. Sabuwar amfilifaya na sa mutum ƙara murya ba tare da ya lura ba, domin sautin ba ya karyewa. Wannan ma wani dalili ne na saukar da ninkin zuwa 4.

Mataki na gaba

Wanda ya gama CMoy ya iya karanta zanen tsari, ya iya auna wuta, ya iya bin sawun kuskure. Daga nan O2 ya zama aiki na biyu da ya dace, masu bawul kuma su jira har sai an samu ƙwararren da zai tsaya a kai. Mai son zurfafawa bai rasa inda zai dosa a Abuja ba. Hukumar NITDA ta buɗe cibiyar NCAIR a Wuye a ƙarshen 2020, mai ɗakin ƙere-ƙere. Asusun horar da ma'aikata na ITF na da cibiyar koyar da sana'o'i a Maitama. Hukumar NASENI, wadda aka kafa a 1992 kuma hedikwatarta ke Idu, na da cibiya ta musamman kan kayan lantarki a Awka.

Ga wanda ya fara hango kasuwa a ciki, Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci ko sana'a ta ƙashin kansa, in ban da noma. Koyo da haɗa na'urar amfanin kai ba su shiga wannan hani ba. Kuma aikin gwamnati na ƙarewa ne a shekara 60 ta haihuwa ko 35 ta aiki, duk wadda ta riga zuwa. Hannun da ya saba da mita da dalma tun yana ofis zai fita da abin yi, kuma yaran gidan da suka ga an buɗe gwangwanin lissafi murya ta fito daga ciki sun samu darasin kimiyyar da za su iya taɓawa da hannunsu.